Tambaya Ɗaya, Amsa Ɗaya: Yadda Ake Gane Dangantaka Mai Amsa Ɗaya a Ilmin Aljabara



1. Gabatarwa

Akwai wata tambaya da ɗalibin lissafi yake gamuwa da ita tun yana makarantar sakandare, ta kuma bi shi har shekararsa ta farko a jami'a. Akan ba shi jadawali, ko zane, ko wani lissafi mai x da y, a ce ya faɗi ko abin da ke gabansa ya cika sharuɗɗan abin da littattafan Turanci ke kira fankishin, yawancin na Larabci kuma suke kira dalla, watau mai nuni. Yawancin ɗalibai sukan haddace dabarar amsawa, su ci jarrabawa, sa'an nan su ajiye ta tare da tsofaffin littattafansu, a kan zaton ba ta da sauran amfani.

Manufar wannan lacca ita ce a nuna cewa wannan zato kuskure ne. Gwajin da ake koya wa ɗalibi a aji, shi ne gwajin da ya wajaba a yi wa kowace rajista, da kowane jadawalin albashi ko na haraji, da kowace ƙa'ida da hukuma ta rubuta domin a hukunta al'amuran jama'a da ita. Duk inda aka yi sakaci da shi, ko dai a bar mai haƙƙi ba amsa, ko kuwa a bar amsa a hannun wanda ke riƙe da alƙalami, ya zaɓi wadda ya ga dama. A cikin wannan lacca za a kira abin da sunan da ya bayyana shi, watau dangantaka mai amsa ɗaya.

2. Mece ce Dangantaka?

A wurin masana lissafi, dangantaka tana bukatar rukuni biyu na abubuwa, da kuma jerin da zai nuna wane abu na rukunin farko ne aka haɗa da wane abu na rukuni na biyu. Domin sauƙin bayani, za a kira rukunin farko rukunin tambaya, na biyu kuma rukunin amsa. Kowane haɗi akan rubuta shi cikin baka biyu, tambaya a gaba, amsa a baya, kamar haka: (Jigawa, Dutse), ko (2, 4). Jerin yana da muhimmanci ƙwarai, domin (2, 4) dabam yake da (4, 2), kamar yadda "Audu ya ranta wa Garba" ta bambanta da "Garba ya ranta wa Audu", ko da yake mutanen ba su sake ba.

Dangantaka ba ta bukatar wani sharaɗi bayan wannan. Duk jerin haɗe-haɗen da aka rubuta dangantaka ne, ko da tsari ko babu. Amma a cikin wannan taro mai yawa akwai wani kaso ƙarami wanda ya cika sharuɗɗa biyu. Sharaɗi na farko, kowace tambaya da ke cikin rukunin tambaya ta sami amsa, kada a bar ko ɗaya a wofi. Sharaɗi na biyu, kada wata tambaya ta sami amsa fiye da ɗaya. Dangantakar da ta cika su duka biyu ita ce mai amsa ɗaya.

Ana iya ƙididdige ƙanƙantar wannan kaso. Idan rukunin tambaya yana da abubuwa 3, rukunin amsa yana da 2, to, haɗe-haɗen da za su yiwu 6 ne. Kowannensu ko a sa shi a jeri ko a bar shi, saboda haka dangantakar da za a iya ƙerawa ita ce 2 a ninka sau shida, watau 64. Masu amsa ɗaya a cikinsu kuwa 8 ne kacal, domin kowace tambaya daga cikin ukun nan za ta zaɓi amsa ɗaya ce daga cikin biyu. Ke nan jadawalin da aka zana ba da lura ba, ya fi kusa da ya faɗi gwajin nan a kan ya ci shi.

Misalin da ya fi kusa da kowa shi ne na haihuwa. Idan tambayar ita ce "Wace ce mahaifiyar wane?", kowane ɗan Adam da aka haifa yana da amsa, amsar kuma ɗaya ce. Idan aka juya tambayar aka ce "Wane ne ɗan wance?", nan take sharuɗɗan biyu sun rushe, domin wata macen ba ta haihu ba, wata kuwa ta haifi goma. A lura kuma da kalmar da aka zaɓa. Da an ce "uwa" maimakon "mahaifiya", da gwajin ya faɗi tun daga farko, domin a al'adar Hausa ƙanwar mahaifiya uwa ce, yayarta uwa ce, abokiyar zamanta ma uwa ce. Tun daga wannan misali an sami darussa biyu: lalle a san ta wace fuska ake yin tambaya, lalle kuma a tsayar da ma'anar kalmomin da aka yi ta da su.

Akwai wani kuskure da ya kamata a kawar tun yanzu. Ba laifi ba ne tambayoyi da yawa su taru a kan amsa ɗaya. 'Ya'ya goma suna iya tarayya a kan mahaifiya ɗaya, wannan bai hana kowannensu samun amsa ɗaya ba. Abin da aka hana shi ne tambaya ɗaya ta rabu zuwa amsoshi biyu. Ɗalibai da yawa sukan faɗi a nan, su ga lamba ta maimaitu a gefen amsa, su yanke hukuncin an karya doka, alhali gefen tambaya ne wurin dubawa.

3. Gwajin a Cikin Aljabara

A aji, dangantaka takan zo ta ɗaya daga cikin hanyoyi uku: jeri, ko lissafin daidaito, ko zane.

Idan jeri ne, sai a bi lambobin gaba ɗaya bayan ɗaya. Jerin (1, 3), (2, 5), (3, 5) ya ci gwajin, in dai rukunin tambaya 1, 2 da 3 ne, ko da yake 5 ta fito sau biyu a baya. Jerin (1, 3), (1, 4), (2, 5) ya faɗi, domin an tambayi 1 sau biyu, ta ba da 3, ta kuma ba da 4.

Idan lissafin daidaito ne, sai a ɗauki x a matsayin tambaya, a nemi y. A cikin y = 2x, kowace x tana ba da y ɗaya. Wannan shi ne lissafin da jama'ar Nijeriya suka yi ta yi a 1973, sa'ad da aka bar fam aka koma naira: fam ɗaya naira biyu, fam goma naira ashirin, ba musu. A cikin y = x², watau x sau x, idan x ita ce 3 amsar 9 ce, idan x ita ce −3, watau uku ƙasa da sifiri, amsar ma 9 ce. Tambayoyi biyu ne suka taru a kan amsa ɗaya, saboda haka babu laifi. Amma idan aka juya aka rubuta y² = x, aka sa 9 a gurbin x, y tana iya zama 3, tana kuma iya zama −3. Tambaya ɗaya ta haifi amsa biyu, gwaji ya faɗi. Haka kuma lissafin da'ira, x² + y² = 25: idan x ita ce 3, y tana iya zama 4 ko −4; idan kuwa x ita ce 6, babu wata y ko kaɗan a cikin lambobin da ake awo da su. Da'ira ta karya sharuɗɗan biyu gaba ɗaya.

Sharaɗin farko shi ne aka fi mantawa da shi. A ɗauki y = 1/x. Kowace lamba tana ba da amsa ɗaya, ban da sifiri, domin ba a raba lamba da sifiri. To, wannan mai amsa ɗaya ce ko kuwa? Hukuncin ya rataya ne a kan rukunin tambaya. In an sa sifiri a ciki, ta faɗi. In an fitar da shi, ta ci. Wanda aka ba shi lissafi ba a gaya masa rukunin tambaya ba, rabin tambaya aka ba shi.

Idan zane ne, gani ya kori ji. Tun bayan da Descartes na Faransa ya buga littafinsa na ilmin awon siffofi a 1637, masana suka saba da mayar da lissafi zane, a jera x a kan layin kwance, y kuma a kan layin tsaye. Gwajin a nan shi ne mutum ya ɗauki rula ya tsayar da ita, ya tura ta daga hagu zuwa dama. Duk inda rula ta tsaya, x ɗaya ce take nunawa. In ta taɓa zanen a wuri biyu, an sami amsa biyu. In ta tsaya a kan wata x da ke cikin rukunin tambaya ba ta taɓa komai ba, an sami tambaya marar amsa. Da'ira takan faɗi domin rula tana yanka ta sama da ƙasa. Amma in aka share rabin da'irar na ƙasa, aka kuma taƙaita x tsakanin −5 da 5, rabin da ya rage ya ci gwajin sarai.

Wannan aiki na ƙarshe yana da muhimmanci, domin ya nuna cewa dangantakar da ta faɗi tana gyaruwa. Da irin wannan gyara ne masana suka yi ittifaƙi a kan cewa alamar tushe, √, tana nufin amsar da ba ta ƙasa da sifiri. Saboda haka √9 ita ce 3 kawai, kuma abin da kowace na'urar lissafi za ta nuna ke nan, ko a Zariya aka danna ta ko a Tokiyo.

4. Yadda Aka Kai ga Wannan Ma'ana

Kada a ɗauka cewa sharuɗɗan nan biyu sun zo wa masana a dare ɗaya. Kalmar aljabara kanta ta samo asali ne daga sunan littafin da Muhammadu ɗan Musa Al-Khawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, amma aikin wannan littafi shi ne gano lambar da ba a sani ba. Tunanin a ɗauki dogaron wani adadi a kan wani a matsayin abin nazari shi kaɗai ya zo ne daga baya ƙwarai.

Leibniz na Jamus ne ya fara amfani da kalmar a wani rubutunsa na 1673. A 1718 Johann Bernoulli na Suwizalan ya bayyana ta da cewa adadi ne da aka harhaɗa daga wani adadi mai sauyawa da waɗansu tsayayyun lambobi. Ɗalibinsa Euler shi ne ya kawo alamar f(x) a wani rubutu na 1734, wadda har yau ita ake amfani da ita. Abin lura shi ne, a littafinsa na 1748 Euler ya yarda da masu amsa ɗaya da masu amsa da yawa duka, ya dai raba su gida biyu. A wurin mutanen wannan zamani, abin da ake nema shi ne a sami lissafin da za a rubuta da alamomi.

Abin da ya girgiza wannan fahimta shi ne nazarin abubuwan da ake gani da ido. A 1747 d'Alembert ya yi nazarin yadda tsirkiyar abin kiɗa take karkarwa, gardama ta ɓarke tsakaninsa da Euler a kan ko siffar da tsirkiya ta ɗauka lalle ne ta zama mai lissafi guda. A 1822 Fourier ya buga littafinsa a kan yadda zafi ke ratsa abubuwa, ya ƙara faɗaɗa matsalar. A 1829 Dirichlet ya kawo wani misali mai ban mamaki: a duba lamba, in za a iya rubuta ta a matsayin cikakkiyar lamba bisa wata cikakkiyar lamba, kamar 3/4, a ba ta amsa guda; in ba za a iya ba, kamar √2, a ba ta wata amsar dabam. Babu hannun da zai iya zana wannan, amma kowace tambaya ta sami amsa ɗaya. Lobachevsky na Rasha a 1834, da Dirichlet kansa a 1837, suka rubuta bayanan da suka karkata ga wannan fahimta mai faɗi. Bayan da Cantor ya kafa ilmin rukunai daga 1874, aka kai ga ma'anar da ake koyarwa yau, wadda ƙungiyar masanan Faransa mai rubutu da sunan Bourbaki ta tsara a 1939.

Abin da wannan tarihi ya koyar shi ne, bayan fiye da shekara 250 ana jayayya, masana sun saki sharaɗin lissafi da na zane, sun riƙe abu guda: kowace tambaya, amsa ɗaya. Wannan ne ya sa ma'anar ta fita daga ajin lissafi ta shafi kowane jadawali, ko na lambobi ne ko na sunaye.

5. Sa'ad da Tambaya Ba Ta Cika Ba

Sau da yawa, idan tambaya ta ba da amsa biyu, laifin yana ga tambayar, domin an bar wani abu daga cikinta ba a faɗa ba. Misalai huɗu za su bayyana wannan.

Na farko daga ilmin hisabi na malaman zaure. Kowane harafin Larabci yana da lambarsa, ana kuma tara lambobin haruffa a sami lambar kalma. Ainun 70 ce, lamun 30, mimun 40, saboda haka kalmar ilmu tana ba da 140, kalmar amal, watau aiki, ita ma 140. Daga kalma zuwa lamba amsa ɗaya ce, daga lamba zuwa kalma kuwa amsoshi da yawa. Amma akwai wani tarko a nan. Lissafin Magariba, wanda malaman ƙasar Hausa suka gada, ya saɓa da na Gabas a haruffa shida. Shinun 1000 ce a Magariba, 300 a Gabas. Sinun 300 ce a Magariba, 60 a Gabas. Ramzin da mawaƙan ƙarni na 13 na Hijira suke rufe waƙoƙinsu da shi domin nuna shekara yakan fara da shinun da ra, watau 1200. Mai binciken da ya karanta shi da lissafin Gabas zai sami 500, ya mayar da waƙar baya da shekara 700. Tambayar "Nawa ce lambar wannan harafi?" ba ta cika ba sai an ƙara "a wane lissafi".

Na biyu daga rabon gado, wanda Al-Khawarizmi ya ba shi kaso mai yawa na littafinsa. Nawa ne rabon matar mamaci? Amsa biyu ce: rubu'i, watau kashi ɗaya cikin huɗu, ko sumuni, watau ɗaya cikin takwas. Malaman fiƙihu ba su bar wannan ga son ran mai rabo ba. Sun cika tambayar da cewa, mamacin ya bar ɗa ko bai bari ba? In ya bari, sumuni. In bai bari ba, rubu'i. Da aka cika tambaya, amsa ta koma ɗaya.

Na uku daga taswirar Nijeriya. A wace jiha Haɗeja take? Kafin 1991 tana Jihar Kano, daga wannan shekara tana Jigawa. Katsina tana cikin Jihar Kaduna har 1987, Gusau kuma tana cikin Jihar Sakkwato har 1996. Magatakardan da ke duba tsohuwar takardar haihuwa lalle ya haɗa sunan gari da shekara kafin ya yanke hukunci a kan mai ita. Haka al'amarin yake ga kalanda. Tambayar "Wace shekarar Hijira ce ta dace da 2008?" tana da amsa uku, domin wannan shekara ta kama ƙarshen 1428, da 1429 gaba ɗayanta, da farkon 1430. Sai an faɗi rana da wata sa'an nan amsa take tsayawa.

Na huɗu daga ofis. Hukumar Udoji, wadda ta miƙa rahotonta a 1974, ita ce ta kawo tsarin matakan albashi daga 01 zuwa 17. Wanda ya tambayi albashin ma'aikacin da ke mataki na 08 zai sami amsoshi da yawa, domin a cikin kowane mataki akwai hawa-hawa na ƙarin shekara. Albashi ya dogara ne a kan abu biyu a haɗe, mataki da hawa, kuma da wannan haɗi ne akawun albashi yake buɗe jadawali.

6. Gwajin a Teburin Ma'aikaci

Yanzu sai a dubi inda hatsarin yake. A ƙaddara wata ma'aikata ta fitar da takardar umarni a kan jarrabawar ƙarin girma, ta ce mai maki 40 zuwa 50 ya sake zama, mai maki 50 zuwa 60 ya wuce. Mai maki 50 cif yana cikin gida biyu. Ma'aikata biyu masu maki iri ɗaya suna iya fita da hukunci dabam-dabam, kuma ba wanda zai iya cewa an karya doka, domin dokar ce da kanta ta ba da amsa biyu. A ƙaddara kuma an gyara, an ce 40 zuwa 49, da 50 zuwa 59. To, ina za a sa mai maki 49 da rabi? An toshe ɓaraka ɗaya an buɗe wata, wannan karon tambaya ce marar amsa. Rubutun da ya ci gwajin shi ne a ce "daga 40 zuwa abin da bai kai 50 ba", sa'an nan "daga 50 zuwa abin da bai kai 60 ba". Kalmomi kaɗan ne, amma su ne suke rufe ƙofar alfarma.

Sa'an nan akwai batun suna. Kama da wane ba ta wane, suna ɗaya kuma ba ya nufin mutum ɗaya. Ko a cikin ƙananan hukumomi 774 na Nijeriya akwai masu suna iri ɗaya: akwai Bassa a Filato akwai Bassa a Kogi, akwai Obi a Binuwai akwai Obi a Nasarawa, akwai Surulere a Legas akwai Surulere a Oyo. In haka ta faru ga ƙananan hukumomi, ina ga ma'aikata dubbai, waɗanda a cikinsu masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya ba su ƙirguwa? Saboda wannan ne ake ba ma'aikaci lambar fayil. Amma lamba ba ta da amfani sai ta ci gwajin ta fuska biyu: kowane mutum lamba ɗaya, kowace lamba mutum ɗaya. In mutum ɗaya ya sami lamba biyu, zai karɓi albashi biyu. In lamba ta kasance ba mutum a bayanta, an sami ma'aikacin boge. In mutum biyu suka yi tarayya a lamba ɗaya, fanshon wani zai faɗa aljihun wani. Tsarin biyan albashi na bai ɗaya da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2007, da lambar tantance masu ajiya a banki mai alƙaluma 11 da aka ƙaddamar a 2014, ƙoƙari ne na tabbatar da waɗannan sharuɗɗa da taimakon na'ura.

Na'urar ma a kan wannan ilmi aka gina ta. A 1970 Edgar Codd na kamfanin IBM ya bayyana yadda za a tsara ma'ajiyar bayanai ta kwamfuta a matsayin dangantaka, irin wadda aka bayyana a farkon wannan lacca, kuma babbar tambayar mai tsara irin wannan ma'ajiya ita ce: wane gurbi ne yake tsayar da amsar wane gurbi? Kwamfuta ba ta gyara jadawalin da aka zana a karkace, iyakarta ta maimaita kuskuren cikin sauri.

Misali na ƙarshe daga kasuwar kuɗi. Kafin watan Yuni na 2023 akwai kafofin hukuma fiye da ɗaya na sayar da dala a Nijeriya, kowace da farashinta, har Babban Banki ya sanar da haɗe su a wannan wata. Duk abin da masana tattalin arziki za su ce a kan dacewar matakin, ɓangaren lissafinsa a fili yake. Matuƙar tambayar "Naira nawa ce dala ɗaya?" tana da amsa biyu a rana ɗaya, wanda ya sami ikon saye a ƙaramin farashi ya sayar a babba ya ci riba ba tare da ya noma ko ya ƙera komai ba.

7. Iyakar Gwajin

Adalci ne a faɗi abin da wannan gwaji ba ya iyawa. Da farko, cin gwajin ba shaidar adalci ba ce. Harajin da za a yanka wa attajiri da matalauci daidai wa daida yana da amsa ɗaya ga kowa, amma wannan bai sa ya zama mai kyau ba. Gwajin yana tabbatar da cewa doka ta faɗi abu ɗaya ne kawai. Ko abin da ta faɗa daidai ne, wannan hukuncin masu hankali ne.

Na biyu, ba kowace dangantaka ce ya kamata a tilasta mata amsa ɗaya ba. Afirka ta Kudu tana da manyan birane uku: Firitoriya ta zartaswa, Kef Tawun ta majalisa, Bulumfanten ta shari'a. Takardar da ta ba da gurbi ɗaya kawai za ta sa a rubuta abin da bai cika ba. Haka nan takardar da ta tambayi harshen da mutum yake ji ta ba shi layi ɗaya, alhali a Yola ko Maiduguri ko Jos mai jin harshe uku ba abin mamaki ba ne. A irin wannan hali, gyaran shi ne a faɗaɗa takardar.

Na uku, akwai inda doka take barin fili da gangan, kamar inda ta ce alƙali yana iya yanke ɗauri har zuwa shekara kaza, domin ya auna halin kowane mai laifi. Wannan ba aibi ba ne, in dai da sani aka yi, aka faɗi wanda aka ba ikon zaɓi, aka kuma wajabta masa bayyana dalilinsa. Abin tsoro shi ne filin da aka bari bisa kuskure, wanda ba wanda ya san da shi sai mai cin moriyarsa.

8. Kammalawa

Duk wanda aka ajiye wa jadawali a gabansa, ɗalibi ne a ɗakin jarrabawa ko sakatare a ofis, tambayoyi huɗu sun ishe shi. Mene ne rukunin tambaya, ina kuma iyakarsa? Ta wace fuska ake tambaya? Akwai tambayar da aka bari ba amsa? Akwai wadda ta sami amsa biyu? In an sami ɓaraka, hanyoyin gyara uku ne, an kuma ga kowace a aikace: a taƙaita rukunin tambaya, kamar yadda aka fitar da sifiri, ko a cika tambayar, kamar yadda malaman gado suka yi, ko a yi ittifaƙi a kan amsa ɗaya a rubuta kowa ya sani, kamar yadda aka yi wa alamar tushe.

Hausawa sun ce ba a tauna taura biyu. Jami'a tana koya wa ɗalibanta wannan gwaji da x da y domin a nan ne ya fi fitowa fili, amma waɗanda za su ci amfaninsa ko su sha wahalar rashinsa su ne ɗan fansho da ke jiran haƙƙinsa, da ɗalibin da makinsa ya faɗo a kan iyaka, da magajin da ke zaune a gaban mai rabo. Ya kamata duk takardar umarni mai ɗauke da jadawali a yi mata waɗannan tambayoyi huɗu kafin a sa mata hannu.